Daga Sifawa zuwa Sakkwato: wa zai ɗauki Baba da kekensa?

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Sifawa, ta wuce Shagari har Tambuwal da Jega, ya san mota ba ta yankewa a kanta. Tun asuba har almuru bas-bas da tasi da tireloli da 'yan kabu-kabu sai kai da komo suke yi. Matashi mai jini a jika zai iya karya kumallo a Shagari, ya shiga birni ya gama uzurinsa, ya dawo gida La'asar ba ta kuɓuce masa ba. Amma ka tambayi tsohon da ƙafafu suka fara gazawa, ko makahon da ba ya fita sai da ɗan jagora, ko matar da ke kan keken guragu, za ka ji wani lissafi dabam. A wurinsu, tafiyar nan da ba ta kai awa guda ba a mota sai an yi mata shirin kwanaki, wani lokaci ma sai an kai akuya kasuwa. Da yawa kuwa haƙura suke yi, su zauna da ciwonsu a ɗaki har ya ci ƙarfinsu.

Abin da nake so mu tattauna a wannan fili ke nan, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba. Ya kamata ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da Yabo da ke maƙwabtaka da su, su haɗa kai da gwamnatin jiha da ƙungiyar direbobi su kafa tsayayyen tsarin jigilar tsofaffi da masu buƙata ta musamman, tsarin da ba ya tsayawa a kan iyakar ƙaramar hukuma. Abu ne mai yiwuwa, kuɗinsa bai kai yadda ake zato ba, kuma mu matasa muna da namu kason aikin a ciki.

Me ya sa dole sai sun tsallaka iyaka?

Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, amma manyan asibitocinta a birni da kewayensa suke. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru duk suna cikin Sakkwato. Asibitin ƙashi yana Wamakko, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, wanda aka daɗe da sani da kula da masu cutar kuturta kuma yana Amanawa a Dange Shuni. Mutumin Sifawa ko Danchadi ko Dingyaɗi, ko na Kajiji da Jaredi da Dandin Mahe, in ciwonsa ya wuce ƙarfin asibitin kusa da shi, babu makawa sai ya bar ƙaramar hukumarsa, wani lokaci ya ratsa biyu ko uku kafin ya ga likitan da ake nema.

Ciwon tsufa kuma ba irin na zuwa sau ɗaya a gama ba ne. Mai hawan jini da mai ciwon suga sai sun riƙa komawa ana duba su ana daidaita musu magani. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar a riƙa motsa masa gaɓɓai a kai a kai, kuma watannin farko su ne suka fi muhimmanci. In suka wuce a banza, hannun da ya ƙage zai yi wuyar dawowa. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku ake so ya je a kowane mako. Yanar ido aikinta ɗan gajere ne, mutum ya koma yana gani, amma sai ya je an duba, ya koma ranar aiki, ya sake komawa a ga yadda idon ya yi. Hawan jinin ido kuwa, ganin da ya cinye ba ya dawowa, don haka duk ranar asibitin da aka tsallake asara ce da ba ta da ramuwa.

Ba asibiti kaɗai ba. Tantance 'yan fansho, gyaran lambar NIN, matsalar banki da sai mai asusu ya je da kansa an ga fuskarsa, duk suna jawo tsoho zuwa birni. Kowa na iya tuna abin da dattawan ƙauye suka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Ga kuma zumunci: gaisuwar rasuwa, ɗaurin auren jika, duba 'yar'uwar da aure ya kai wata ƙaramar hukumar. Tsohuwar da ba ta iya zuwa ta'aziyyar ƙanwarta saboda babu motar da za ta ɗauke ta, an yanke ta daga jama'arta tun tana da rai.

Lissafin da mai lafiya ba ya yi

Mu ɗauki mutumin da ke wani ƙauye nesa da kwalta. Sai ya hau babur ko keke Napep zuwa bakin titi. Daga nan ya shiga mota zuwa Sakkwato. Daga tasha kuma ya sake neman abin hawa zuwa asibiti. Hawa uku ke nan a zuwa, uku a dawowa. Kowane hawa da kowace sauka sai an cicciɓe shi. Ba zai tafi shi kaɗai ba, sai da ɗan rakiya, wanda shi ma ya bar gonarsa ko sana'arsa ta ranar. In yana da keken guragu, sau da yawa ana cajin keken kuɗin kaya, ko ma kuɗin kujera guda. Wato inda mai lafiya zai biya kujera biyu zuwa da dawowa, shi sai ya biya shida, ban da kuɗin babur da na cikin gari, ban da kati da magani da abin da za a sa a baki.

Yanzu ka ɗora wannan a kan tsadar mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya tsallake 1,000. Kuɗin mota ya bi shi. Jihar Sakkwato ta daɗe da abin a yaba mata a wannan fanni: a zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko aka fara bai wa masu buƙata ta musamman alawus na naira 6,500 a wata, gwamnatin Ahmad Aliyu kuma ta ɗaga shi zuwa 10,000. Madalla. To amma wanda ke cikin jerin masu karɓa ya lissafa kujeru shida da hawa shida da kuɗin motar yau, ya ga abin da zai rage masa bayan zuwa asibiti sau ɗaya. Ballantana tsohon manomi da ba ya cikin kowane jeri, bai taɓa aikin gwamnati ba balle ya sa ran fansho.

Akwai kuma abin da ba a biya da kuɗi. Je ka tsaya a bakin titi ranar kasuwa ka buɗe kunne. Mota za ta tsaya, direba ya hango keken guragu, sai ka ji: "Baba, yi haƙuri ka jira ta baya, wagga ta cika." Alhali ga wuri. Ko kuwa ɗan kamasho ya ce: "Kekenai hwa sai an biya mai, but ta cika da kaya." Tasi da aka yi don mutum huɗu ana cusa mata shida ko bakwai, biyu a gaba, sauran a baya, mai ciwon gwiwa ko ƙugu ina zai sa ƙafarsa? Makaho a sauke shi a tsallaken titi, tireloli na wucewa, babu mai kama masa sanda. Kurma ya yi ta nuni, a kai shi inda ba nan ya nufa ba, sannan a yi masa faɗa a kan canji.

Na mata ya fi ciwo. Dattijuwa mai mutunci da ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau babur, sai maza baƙi sun tallabe ta a gaban jama'a. Da yawa sun gwammace ciwon da wannan kunyar. Tashoshinmu kuma ba safai ake samun makewayin da mai keke zai iya shiga ba, shi ya sa za ka ga mai lalura ya ƙi shan ruwa tun daga gida don kada fitsari ya kama shi a hanya, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ga matsalar tsaro da ta sa kowa ke gudun yamma ta yi masa a hanyar ƙauye. In layin asibiti ya yi tsawo, sai mutum ya zaɓa: ya bar layin ya kama hanya, ko ya kwana a barandar asibiti. Shi ya sa in ka ce wa wani dattijo, "Baba, ya ba ka koma wurin likita ba?" amsar ba ta wuce: "Yaro, mi za ni yi? Ƙahwa ta ƙiya, kuɗi babu."

Kada mu ɗora wa direba laifin duka. Shi ma balas ke jiransa da yamma, ga mai, ga kuɗin tasha, ga masu tsayar da shi a hanya. Minti goma da zai ɓata wajen naɗe keke da ɗaura shi, wani ya kwashe fasinjan da ke gaba. In dai tsarin bai ba shi wata riba a kan ɗaukar mai rauni ba, wa'azi kaɗai ba zai sa ya taka burki ba.

Doka ta riga ta yi magana

Abin da ake nema ba alfarma ba ce. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya sa kula da tsofaffi da jin daɗin naƙasassu cikin manufofin da gwamnati za ta fuskanta. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna musu wariya. Dokar ta yi magana ƙarara a kan sufuri: motocin gwamnati su zama masu shiguwa gare su, direba ya tsaya cak kafin su hau ko su sauka, a bar su su fara shiga kafin sauran fasinjoji, a ba su fifiko a layi. Ta kuma yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. An ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da motoci, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Akwai hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman da aka kafa a 2020, akwai kuma cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da ta fara aiki a 2021.

Duk waɗannan suna nan a rubuce a Abuja. Tambayar ita ce, wane direba ne a kan hanyar Shagari aka taɓa zaunar da shi aka karanta masa su da Hausa? Kuma wa ke da alhakin tasha? Tsarin mulkin nan dai, a jadawalinsa na huɗu, ya damƙa kafawa da kula da tashoshin mota da kasuwanni da makewayin jama'a a hannun ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatarwar na tafiyar hawainiya, hujjar "ba hurumina ba ne" ta yi rauni.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane ciyaman iyakarsa yake kallo. Abin da zai yi, a cikin mazaɓunsa zai yi shi, inda masu ƙuri'arsa za su gani. A raba kekunan guragu a sakatariya, a ɗauki hoto, a watse. Keken ya kai mutum bakin titi, daga nan kuma sai ta Allah. Ita kuwa gwamnatin jiha, in ta sayo motocin haya, hankali ya fi karkata ga cikin birni da dogayen hanyoyi zuwa wasu jihohi. Tafiyar tsakiya, wato daga ƙaramar hukuma zuwa maƙwabciyarta ko zuwa birni, ita ce marainiya, kuma ita ce tsoho ya fi buƙata.

Sifawa ba baƙuwar matafiya ba ce

Abin da ya ƙara sa batun nan ya dame ni shi ne tarihin wurin. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙaninsa Malam Abdullahi na kusa da shi a Boɗinga, almajirai na tahowa daga nesa. Shehu ya kai kimanin shekara sittin lokacin da ya bar Sifawa ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u kuma, da ta kafa tsarin 'yan taru, dattijan mata ne jajis ɗinta, su ke jagorantar ayari daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma da shi. Wato a wancan zamani na ƙafa da jaki, tsofaffin mata su ne matafiyan ilimi. Yau da kwalta da mota, jikokinsu sun kasa zuwa asibiti.

Addininmu ma bai bar wurin a buɗe ba. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya sa an ware wa makafi 'yan jagora daga baitulmali. Lura da kyau, bai tsaya ga ba su abinci ba, ya duba yadda za su yi tafiya. Jihar da ke da Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda aka san ta da taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin magani, ba za ta rasa ƙofar da za ta shigo da kuɗin motar zuwa karɓar maganin ba.

Yadda wasu suka yi

A Ingila, daga 2006 tsofaffi da naƙasassu na hawa bas kyauta in ba lokacin cunkoso ba, amma a cikin yankin ƙaramar hukumarsu kaɗai. Sai aka ga asibitin mutum ko gidan 'yarsa na iya kasancewa a tsallaken iyaka. Daga Afrilun 2008 aka mayar da katin ya yi aiki a ko'ina cikin Ingila. A Amurka, dokar naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa hukumomin bas na birane su tanadi motar da za ta ɗauki wanda ba zai iya hawa bas na kowa da kowa ba. Wani zai ce waɗannan masu kuɗi ne. Gaskiya ne, don haka mu dawo gida.

A jihohin Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an yi wani shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda aka horar da direbobin sa-kai su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Ba a sayi sabbin motoci ba, da motocin da ke tasha aka yi aiki. Ɗaya daga cikin ladan da ake ba direban da ya kai mace asibiti shi ne a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Ka ga dabara: ba ta ci wa gwamnati komai ba, amma a wurin direba kuɗi ce. Abin da ya yi wa mai ciki aiki, me zai hana ya yi wa tsoho da gurgu?

Abin da nake ba da shawara

Na farko, motar ranar asibiti. A ware bas ɗaya ko biyu daga motocin hukumar sufuri ta jiha, a cire kujerun baya don keke ya samu wuri, 'yan waldarmu su ƙera matakalar ƙarfe mai naɗewa da abin ɗaure keke. Ta tashi daga Shagari da sassafe a ranakun da aka tsayar, ta tsaya a wuraren da kowa ya sani, har da Sifawa da Boɗinga, ta sauke mutane a ƙofar asibiti maimakon tasha, ta jira su, ta dawo da su kafin rana ta faɗi. A zauna da asibitocin a daidaita ranakun da na ganin likitan ido da na suga da na gashi, a kuma roƙe su su fara duba waɗanda suka zo da motar. Tsayayyen lokaci shi ne ran abin. Motar da ba a san ranar zuwanta ba, da ita da babu duk ɗaya.

Na biyu, kati ɗaya. Wanda aka ba kati a Boɗinga, katin ya yi aiki a Shagari da Yabo da cikin birni, ya kuma haɗa da ɗan rakiya guda. Ƙananan hukumomin su zuba kuɗi a asusu ɗaya gwargwadon yawan mutanensu da suka hau, jiha ta ɗora nata, Hukumar Zakka da masu hali su shigo da nasu. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ga wuri: man mota na wata guda waƙafi ne da za a ga amfaninsa da ido.

Na uku, yarjejeniya da NURTW da ƙungiyoyin masu keke Napep da 'yan kabu-kabu, saboda bas ɗaya ba zai wadatar ba kuma ba zai shiga kowane lungu ba. Kujerar gaba ta zama ta mai kati shi kaɗai. Keken guragu da sanda kada a caje su. Direban da ya ɗauki mai kati a ba shi tikitin da zai karɓi cikon kuɗinsa a ƙarshen mako, a kuma ba shi lodi ba layi. A nan dole a yi gaskiya: ranar da aka fara riƙe wa direbobi kuɗinsu, ranar shirin ya mutu.

Na huɗu, wurin jira. Rumfa, benci, randar ruwa, makewayi mai faɗin ƙofa ba tare da tudu ba, da sunan wurin a rubuce da boko da ajami. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne tsantsa, kuɗinsa kuma bai kai na bikin ƙaddamarwa guda ba.

Na biyar, a rage tafiyar kanta. Tantance 'yan fansho da masu karɓar alawus a zo a yi shi a fadar hakimi. Likitan ido ko na gashi ya riƙa leƙo asibitocin ƙananan hukumomi a ranar da aka sani. Wanda ciwonsa ya lafa ya riƙa karɓar maganinsa a kusa da gida. Ma'aikaci ɗaya ya hau mota ya fi sauƙi a kan tsofaffi hamsin su hau.

Kuma duk wannan kada a tsara shi a bayan masu abin. Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin ƙungiyar JONAPWD da dattawan unguwa, maza da mata, su zauna a teburin tun ranar farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce ɗaukar tsoho aikin 'ya'yansa ne, gwamnati ba ta haife shi ba. Ba mu musa ba, kuma babu mai cewa a sauke wa ɗa nauyin uba. Amma 'ya'yan nan fa da yawansu suna can ci-rani a Legas ko Fatakwal, gidan daga mata sai yara. Akwai kuma wanda Allah bai ba haihuwa ba, da wanda ya binne nasa. Ko ɗan da ke gida, in yana da niyya babu motar da za ta ɗauki keken, ya zai yi, ya goya uban har Sakkwato?

Wasu za su ce kowa sai ya zama naƙasasshe ranar rabon kati, 'yan siyasa kuma su cusa yaransu. Wannan tsoro ne na gaskiya, mun ga irinsa a rabon taki da na shinkafa. Maganinsa shi ne a yi rajista a bainar jama'a, gaban mai unguwa da liman da ma'aikacin lafiya, a liƙa sunaye a inda kowa zai gani. A ƙauye babu wanda bai san gurgun gaske ba. Bugu da ƙari, kujerar motar asibiti ba abin sayarwa ba ce kamar buhun shinkafa. Mai lafiya ba zai tashi da asuba ya je ya wuni a layin likitan ido don ya ci banza ba.

Wasu kuma za su ce motocin gwamnati ba sa shekara, daga an ƙaddamar sai a gan su a kan duwatsu. Shi ya sa na ce a jingina mafi yawan aikin ga motocin da ke kan hanya tun asali, kuma a sa kuɗin gyara da na mai cikin kasafin kuɗi, kada ya zama kyautar wani mai girma da za ta tafi ranar da ya sauka. A fara da hanya ɗaya na wata shida, a ƙirga mutum nawa suka hau, nawa aka kashe, a faɗa wa jama'a. In ta yi kyau, sauran hanyoyin jihar su kwaikwaya.

Namu kason

'Yan'uwana matasa, mu ne direbobin, mu ne 'yan kabu-kabun, mu ne 'yan kamashon. Wanda ke ce wa Baba "jira ta baya" sa'anmu ne. Don haka gyaran farko a hannunmu yake, ba ya jiran sa hannun kowa. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai da 'yan agaji za su iya bi gida-gida a mazaɓa ɗaya su rubuta tsofaffi da masu lalura nawa ke buƙatar zuwa birni a kai a kai, wane asibiti, sau nawa a wata. Hukuma ta fi jin kunyar takarda mai sunaye da alƙaluma a kan zagin Facebook. A kai wa kansila, a kai wa ciyaman, a kai wa ɗan majalisar jiha kafin a rufe kasafin kuɗi.

Kafin nan, rukunin WhatsApp ɗaya ya isa a haɗa mutum huɗu 'yan gari ɗaya masu ranar asibiti ɗaya su ɗauki shatar mota tare, kuɗin ya ragu. Waɗanda suka gama makaranta suna zaman jiran aiki za su iya karɓa-karɓar rakiya, su riƙe kati, su bi layi, su karanta wa Inna yadda za ta sha maganinta. Lokacin zaɓe kuma, duk wanda ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi a gaban mutane: ranka ya daɗe, motar ranar asibiti fa? Ai ranar zaɓe ba a rasa motar da ke zuwa har ƙofar gida ta ɗauki tsohuwa zuwa rumfa. Ashe an san inda suke, kuma an san yadda ake ɗauko su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya na rayuwa da wata babbar naƙasa. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, sun zama magidanta, suna neman fita neman na kansu. Hatsarin babur kuma kullum sai ya ƙara wasu, mafi yawansu samari. Wanda bai gamu da wannan ba, in Allah Ya ja kwana, tsufa na nan tafe. Kujerar gaban da muke nema wa Baba yau, mu za mu zauna a kanta gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon ji da aikatawa.